Naƙuda Biyu: Ɗaya Ni Kaɗai, Ɗaya Da Mai Rakiya

Mahaifiyata ta rasu tun ban kai munzalin da uwa ke zaunar da 'yarta ta gaya mata abin da ke jiranta a rayuwar mace ba. Na tashi a hannun mahaifina da yayyena maza, waɗanda suka riƙe ni iyakar iyawarsu, sai dai akwai maganar da namiji ba ya iya yi da 'yarsa ko ƙanwarsa. Na yi karatu, na samu aiki, na yi aure, aikin maigidana kuma ya kai mu nesa da dangi, inda ba ni da goggo ko inna da zan ruga wurinta idan wani abu ya shige mini duhu. Da na samu cikin fari, duk abin da na sani game da haihuwa na tsince shi ne daga katin awo da hirar mata a layin ganin likita, hirar da galibinta tsoratarwa ce.

Cikin ya tafi lafiya har ya shiga wata na tara. Wata safiya na farka ban ji motsin da na saba ji ba, muka tafi asibiti, aka yi ta neman bugun zuciyar yaron da na'ura, ba a same shi ba. Likita ya gaya mini a taƙaice cewa ɗan ya rasu a ciki, kuma za a ɗaura mini ruwan naƙuda in haife shi. Na karɓi ƙaddara, domin rai ba a hannun kowa yake ba. Abin da ya ƙi barin zuciyata shi ne yadda na yi wannan naƙudar. Dokar wurin ba ta yarda kowa ya shiga ɗakin haihuwa tare da mace ba, saboda haka maigidana ya kwana a waje, ni kuma na kwana a kan gado bayan labule, ina jin kukan farko na jariran wasu mata, alhali na san nawa ba zai yi kuka ba. Ungozomomin da ke aiki a daren ba su da yawa, suna ta gudu daga wannan gado zuwa wancan, kuma ba na ganin laifinsu. Duk wadda ta zo sai ta duba ruwan, ta auna buɗewar bakin mahaifa, ta rubuta, ta wuce. Da na haihu, an naɗe shi an fita da shi ba tare da an tambaye ni ko ina son in gan shi ba. Har yau ban san kamannin ɗana na fari ba.

Aka sallame ni ba wanda ya gaya mini cewa nono zai kawo ko da babu jariri. Bayan 'yan kwanaki ƙirjina ya cika ya yi tauri, na farka cikin dare rigata ta jiƙe, na zauna a bakin gado ban san abin da zan yi ba, ban kuma san wanda zan tambaya ba. Masu zuwa gaisuwa suna cewa in yi haƙuri, Allah zai ba da wani, kuma na san da zuciya ɗaya suke faɗa, amma babu wanda ya tambaye ni abin da ya faru a wancan daren. Daga baya na ga ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kusan jarirai miliyan 2 ake haifa babu rai a kowace shekara. Na daɗe ina tunanin iyayen nan mata, da yawan waɗanda suka kwana su kaɗai kamar yadda na kwana.

Na ɗauki shekaru ina gudun sake ɗaukar ciki. Da Allah ya kawo na biyu, tsoro ya fi murna yawa a zuciyata. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Ni warin asibiti kaɗai ya isa ya sa hannuwana rawa. Wata malamar jinya a wurin awo ce ta lura da hakan, ta ja ni gefe bayan ta karanta katina, ta tambaye ni ko na taɓa jin labarin dula, wato mai rakiyar haihuwa. Ta bayyana mini cewa mace ce da aka horar domin ta tsaya wa mai ciki tun kafin haihuwa, ta zauna da ita duk tsawon naƙuda, sannan ta ci gaba da duba ta a lokacin jego. Da farko ban karɓi shawarar ba, domin na ga kamar zan shigo da baƙuwa cikin sirrina ne, maigidana ma ya ce bai ga abin da za ta yi wanda shi ba zai iya ba. Abin da ya sa na amince a ƙarshe shi ne na lura ko shi ɗin ba ya iya barci idan ranar awo ta matso. Mu biyu masu tsoro ne, babu wanda zai iya riƙe wani.

Matar da ta zo gidanmu ta girme ni sosai, mai natsuwa ce, ba ta da yawan magana. Ta kira ni ƙanwata tun zaman farko, ni kuma na riƙa kiranta Yaya. Kafin komai sai da ta fayyace iyakar aikinta. Ta ce: “Ƙanwata, ni ba likita ba ce, ba kuma ungozoma ba. Ba na ba da magani, ba na auna mahaifa, ba na karɓar haihuwa, kuma ba zan yanke miki shawara ba. Aikina shi ne in kasance tare da ke, in taimake ki ki fahimci abin da ake yi miki, in kuma tabbatar an ji maganarki.” Daga nan ta ce in ba ta labarin haihuwata ta farko, in na ga zan iya. Na fara ina tsammanin za ta katse ni da kalaman ban haƙuri, sai na ga ta yi shiru har na kai ƙarshe. Tambayar da ta yi mini bayan haka ita ce ko na ba yaron suna a zuciyata. Na ba shi, kuma ranar ce na fara furta sunan a gaban wani mutum.

Ni mace ce mai son ganin hujja, saboda haka na shiga karatu a kan wannan aiki. Na gano cewa wasu likitocin yara biyu na Amurka, Marshall Klaus da John Kennell, da abokan aikinsu sun yi bincike a wani asibiti mai cunkoso a ƙasar Gwatamala, inda mata ke naƙuda su kaɗai. A sakamakon da aka wallafa a 1980, masu haihuwar fari da aka zaunar musu da wata mace, wadda ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, sun haihu cikin kimanin awa 9, waɗanda aka bari su kaɗai kuma sun kai kimanin awa 19. Likitocin nan biyu suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar DONA a 1992 domin horar da masu rakiyar haihuwa. A 2017 cibiyar Cochrane, mai nazarin sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, waɗanda suka shafi mata fiye da 15,000, ta kuma samu cewa matan da ke da mai tsaya musu tun farkon naƙuda har ƙarshenta sun fi haihuwa da kansu, naƙudarsu ta fi gajarta, buƙatar tiyata da maganin kashe zafi ta ragu a cikinsu, kuma ba su cika fita da mummunan tunani game da haihuwar ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mini a rai. Na kuma ga cewa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta shiga naƙuda da wanda ta zaɓa ya raka ta. Da wannan shawarar a hannu muka je muka tattauna da asibitin da zan haihu, tun cikin bai tsufa ba, aka rubuta a katina cewa an amince Yaya da maigidana su kasance tare da ni.

Yaya ta bayyana mini dalilin da ya sa zaman mutum kawai yake tasiri a jiki. Sinadarin oksitosin shi ke sa mahaifa ta riƙa murɗawa, kuma ya fi fita idan mace tana cikin natsuwa. Idan ta firgita, jiki yana sakin adiranalin, wanda kan iya rage ƙarfin naƙudar, tsokoki su ɗaure, zafin ya ƙaru, tsoron ma ya ƙaru. Mun yi watanni muna koyon yadda za a karya wannan zagayen: jan numfashi a hankali, sakin haɓa da kafaɗu, tafiya da jingina maimakon kwanciya rigingine. Ta koya wa maigidana inda zai danna a ƙuguna. Ta kuma koya mini tambayoyin da zan yi duk lokacin da aka ce za a yi mini wani abu: mene ne amfaninsa, mene ne haɗarinsa, akwai wata hanya, me zai faru idan aka ɗan jira. Mun rubuta abin da nake so a takarda guda, kuma abu na farko a ciki shi ne duk abin da ya faru, a nuna mini abin da na haifa.

Akwai wata ɗabi'arta da nake so duk mai son yin wannan aiki ta koya. Ba ta taɓa ce mini kada in damu ba. Idan na kira ta cikin dare na ce ina jin kamar motsin ya ragu, amsarta ɗaya ce, in tashi in je a duba ni yanzu, za ta same ni a can, domin raguwar motsin jariri ba abin da ake bari sai gobe ba ne. Mun je an duba an ga komai lafiya, ba ta taɓa nuna mini na ɓata mata lokaci ba. Ita ce kuma ta sa na haddace alamomin hawan jinin masu ciki: ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a saman ciki. Da aka auna jinina a ƙarshen cikin aka ga ya haura 140 bisa 90, aka kuma samu furotin a fitsarina, na riga na san abin da hakan ke nufi kafin likita ta gama bayani. Aka yanke shawarar tayar da naƙuda.

Da aka turo sandar ruwan naƙuda kusa da gadona, sai na ji na koma wancan daren gaba ɗaya. Numfashina ya sarƙe, na fara cewa a cire mini, zan tafi gida. Yaya ta jawo kujerarta ta zauna tsakanina da sandar, yadda idan na buɗe ido fuskarta zan gani. Ta riƙe hannuwana biyu ta ce: “Dube ni, ƙanwata. Wannan daren daban ne. Saurari.” Ta roƙi ungozoma ta ƙara sautin na'urar da ke bin bugun zuciyar jaririyar, ɗakin ya cika da wannan sautin mai sauri. Ta ce mu yi numfashi tare, ta fara, na bi ta. Da naƙudar ta kankama, duk lokacin da ciwon ya taso sai in durƙusa in jingina da gado, ita ta dafa ƙashin ƙuguna ta gefe biyu ta matse da tafukan hannunta har ya lafa, sannan ta shafa mini tsumma mai sanyi a wuya, ta miƙo mini ruwa in kurɓa. Idan ta ga na fara ihu da siririyar murya, sai ta yi gurnani ƙasa-ƙasa kusa da kunnena, in kwaikwaye ta, in ji jikina ya saki. Ma'aikata suka canji juna, na dare suka tafi na safe suka zo, ita tana nan. Da ta ga maigidana ya jigata, ta ce masa ya fita ya sha iska, ta yi masa alkawarin kiransa idan wani abu ya canza.

Ban haihu da kaina ba. Bayan dogon lokaci bugun zuciyar jaririyar ya fara sauka a duk lokacin da mahaifa ta murɗa, likita ta zo ta ce shawararta ita ce a yi tiyata ba tare da jinkiri ba. Yaya ba ta yi jayayya da ita ba, ba ta kuma amsa a madadina ba. Ta juyo gare ni ta ce: “Kin fahimci abin da likita ta faɗa? Akwai abin da kike so ki tambaya?” Na tambaya ko zan kasance a farke, aka ce allurar baya za a yi mini, zan ji komai da kunnena. Na tunatar da su abin da ke saman takardata, likita ta ce ta karanta. Da hannuna na sa hannu a takardar amincewa, ina sane da abin da nake yi. Mutum ɗaya aka yarda ya shiga ɗakin tiyata, Yaya ta ce mijina ne ya cancanta, ta gaya masa inda zai zauna da abin da zai gani. Da 'yata ta yi kuka, aka kawo ta aka haɗa kumatunta da nawa kafin a gama ɗinki.

Na tsaya a kan wannan ne saboda na sha jin ana tallata masu rakiyar haihuwa a matsayin hanyar guje wa tiyata, kuma ina ganin wannan ɓata aikin ne. Gaskiya ne bincike ya nuna tiyata tana raguwa, amma akwai matan da tiyatar ce ke ceton ransu da na 'ya'yansu, ni ma ina cikinsu. Mai rakiyar da za ta zuga mace ta ƙi shawarar likita, ko ta sa ta ji kamar ta gaza don an yi mata aiki, ta fita daga hurumin da aka ba ta. Haihuwata ta farko ta hanyar da aka saba ce, amma ta bar ni a karye. Ta biyu da wuƙa aka yi ta, na fito kuma da mutuncina, domin an tambaye ni, an kuma saurare ni.

Sai dai inda na fi buƙatar Yaya shi ne bayan mun koma gida, lokacin da hankalin kowa ya koma kan jaririya. Ta nuna mini yadda zan shayar da ita ba tare da ta danne ɗinkin ba, in riƙe ta a gefe, ƙafafunta ta ƙarƙashin hammatata, in jira ta wage baki sosai kafin in sa mata nono. Da na damu cewa dakashin ya yi kaɗan, ta ce cikin jariri sabon haihuwa ƙarami ne ƙwarai, in lura da yawan fitsarinta da ƙaruwar nauyinta a wurin awon jarirai. Ta koya mini dafe ɗinkin da matashi idan zan yi tari, ta kuma lissafa mini abubuwan da za su sa in koma asibiti nan take, irin su zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da kumburin ƙafa guda. Takan karɓi jaririyar ta ce in kwanta, kuma duk zuwan da za ta yi, ni take fara tambaya kafin ta leƙa 'yar.

Da wannan tambayar ta gano abin da nake ɓoyewa. Ba na barci ko da 'yar tana barci. Ina zaune a kanta ina kai yatsa hancinta don in tabbatar tana numfashi. Ina kuka babu dalili, ina jin ban cancanci riƙe ta ba, ina kuma jin kunyar faɗa, domin an ba ni abin da na roƙa. Yaya ta bayyana mini cewa kuka da sauyin yanayi a kwanakin farko abu ne da mata da yawa ke yi, kuma yakan wuce cikin makonni biyu, amma nawa ya zarce haka, yana ƙaruwa. Ta ce wannan ya fi ƙarfin aikinta, ciwo ne da ke da magani, likita ya kamata in gani. Ta nemi izinina kafin ta yi wa maigidana maganar, sannan ta raka ni. A can aka ba ni takarda mai tambayoyi goma, wadda ake kira ma'aunin Edinbara, aka tabbatar ina fama da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, galibi irin wannan. An haɗa ni da mai ba da shawara, aka ba ni maganin da bai hana shayarwa ba, sannu a hankali barci ya dawo. A wurin mai ba da shawarar ne na yi wa ɗana na fari makokin da ban samu yi ba tsawon shekaru.

Na san ba kowace mace ke da halin ɗaukar ƙwararriyar mai rakiya ba, kuma akwai asibitocin da cunkoso da rashin labule ke sa su hana kowa shiga. Wannan yana damuna, domin matan da suka fi buƙatar rakiya su ne suka fi rasa ta. Binciken Cochrane ɗin nan ya nuna cewa amfanin ya fi bayyana idan mai rakiyar ta samu horo kuma ba ta da wani aiki a ɗakin sai tsaya wa matar, amma ko 'yar'uwa ko ƙawa da mace ta zaɓa da kanta tana sa ta fi gamsuwa da haihuwarta fiye da a bar ta ita kaɗai. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Da wata abokiyar aikina da ba ta da kowa kusa ta zo haihuwa, na nemi izini na shiga da ita, na yi mata ɗan abin da na koya, na kuma kama bakina a kan abin da ba hurumina ba.

Yanzu 'yata ta fara makaranta, ni kuma ina ɗauke da ciki na uku. Tsoron bai tafi duka ba, amma ya ragu yadda zan iya shiga asibiti hannuwana ba sa rawa. Na kira Yaya tun a watan farko, ta ce tana nan. Likita ta riga ta ɗora ni a kan ƙaramin asfirin saboda hawan jinin da na yi a baya, mun kuma sanar da ita tarihin ciwon damuwar domin a sa ido da wuri bayan haihuwa. A zamanmu na ƙarshe da Yaya da maigidana mun rubuta tambayoyin da zan kai awo mai zuwa, kuma babbar cikinsu ita ce ko yanayin ɗinkin mahaifata zai bari in gwada haihuwa da kaina, ko kuwa a sa ranar tiyata tun yanzu.